Mun koma Bahra, yara sun rasa wurin wasa

Assalamu alaikum Hajiya. Ni matar aure ce mai yara huɗu: babban namiji ne ɗan shekara 10, sai mata biyu, 7 da 5, sai auta ɗan shekara 2. A Jidda aka haife ni, a can na yi aure, amma da rusau ya ci unguwarmu muka koma Bahra, garin da ke tsakanin Jidda da Makka, muka kama shiƙƙa, wato sashen haya a gidan bene, mai ɗaki biyu a hawa na biyu. Da can yara lungu suke fita, kowa ya san ɗan kowa. A nan kuwa ƙofar gida titi ce, manyan motoci na wucewa dare da rana. Daga makaranta sai ɗaki, sai waya, sai faɗa. Maƙwabcinmu na ƙasa har ya fara ƙorafin tsalle-tsalle. Maigidana direba ne, Juma'a kaɗai yake hutawa, kuma ba ya son in fita da su. Ya ce mu baƙi ne, kada yaro ya jawo mana magana. Ban iya mota ba. Ina zan samu wurin wasa mai kyau a kusa, kuma ta yaya zan shawo kansa?

Ƙanwarki daga Bahra

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya raya yaran, Ya shirya mana su baki ɗaya.

Tun da aka fara rusau a Jidda a ƙarshen 2021 nake samun wasiƙu irin taki. Unguwanni fiye da 60 abin ya shafa, har da Gulail da Sabil da Karantina da Kandara inda mutanenmu suka yi shekara da shekaru, kowa ya kwashi kayansa ya nufi inda haya ta yi masa sauƙi. Manya sun yi jimamin gida da maƙwabta, amma ba a cika lissafa asarar yara ba. Lungun nan da kike tunawa mota ba ta shigarsa, bango yana ba shi inuwa, sannan akwai tsohuwa zaune a bakin ƙofa wadda za ta tsawatar wa ɗan kowa ba tare da uwarsa ta ji haushi ba. Waɗannan ukun za ki nema a Bahra: wurin da mota ba ta kaiwa, mai inuwa, mai idon manya. Lilo mai sabon fenti ƙari ne kawai.

Kuma ki nema a kusa. Na san idan aka ce wurin wasa, hankalin yawancinmu Kurnish, wurin shaƙatawar bakin tekun Jidda, yake tafiya, ko manyan wuraren da ake gani a Snapchat. Suna da kyau, zan zo kansu. Sai dai Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki sosai a kowace rana, irin wanda zai yi gumi, ɗan shekara 2 kuma awa uku na kai-komo a wuni. Fita ɗaya a wata, ko da Kurnish ce, ba ta biyan wannan bashi. Ƙaramin lambun unguwa mai lilo biyu da sulu ɗaya, wanda ƙafarki za ta kai ki sau uku ko huɗu a mako, ya fi muku amfani nesa ba kusa ba.

Nemansa kuwa da baki ake farawa. Ki tambayi matan da kuke haɗuwa a ƙofar makaranta ko wurin tahfiz, ki tambayi haris, wato mai gadin gininku, ki sa babban ɗanki ya tambayi abokansa inda suke buga ƙwallo. Direban da ke kwasar 'yan makaranta ma ya san kowane lungu da saƙo na garin fiye da wanda ya shekara goma yana zaune a ciki. Bayan haka ki buɗe Google Maps, ki rubuta hadiƙa (lambu) ko mamsha (wurin tattaki) da haruffan Larabci, don da su aka sa sunayen wuraren. Ki juya taswirar zuwa hoton sama, duk inda kika ga kore ko rumfa kusa da ku ki lura da shi, musamman gefen manyan masallatai da sababbin unguwanni, inda baladiyya, wato hukumar gari, ta saba ware fili. Hotunan da mutane suke ɗorawa kuma ki duba shekararsu. Lambun da aka ɗauki hotonsa ranar da aka buɗe shi zai iya zama kango yau. Ki tsayar da wurare uku.

Sai ki roƙi baban yara ya kai ki ki gan su ranar Juma'a bayan La'asar. Kada ki ce masa kina so ya yarda ki riƙa fita. Ki ce kina so ya duba miki wuraren da idonsa, shi da ya san hanya, ya zaɓi wanda ya kwanta masa. Namijin da aka ba wa zaɓi tsakanin wurare uku ya riga ya wuce maganar a fita ko kada a fita. Idan da hali ku bar yaran wurin maƙwabciya a wannan zagayen, don in suna nan ba za su bar ku ku ga komai ba.

Da kun isa, kafin ki kalli komai, ki ɗora bayan hannunki a kan sulun, ki ƙirga zuwa biyar. In ba ki iya jurewa ba, cinyar ɗan shekara 2 ba za ta iya ba. A wannan yanki namu zafi ne babban abokin gaba, ya fi faɗuwa saurin yi wa yaro illa. Iska tana kai digiri 45 a bazara, a hajjin 2024 ma an auna 51.8 a Harami, kuma ƙarfe da roba da rana ta daka sun fi iskar zafi sosai. Abin da ya wuce digiri 60 cikin 'yan daƙiƙu yake ƙona fata. Ba sulun ƙarfe kaɗai ba, har na roba, har baƙar robar da ake shimfiɗawa a ƙasa, har sarƙar lilo. Babban yaro in ya ji zafi tsalle yake yi ya sauka. Ƙarami kuwa daskarewa yake yi a wurin yana kuka, kafin ki gane abin da ke faruwa tafin ƙafarsa ya tashi. Saboda haka ki ɗaga kai ki ga inda rumfar take. Wurare da yawa an yi wa kujerun manya rumfa an bar kayan wasan a rana, wannan kuwa aikin wanda bai taɓa raino ba ne. Takalmi kuma ba a cire shi, komai roƙon da za su yi.

Daga nan ki kalli ƙasa. Yawancin raunin da yara suke samu a irin waɗannan wurare daga faɗowa ne, kuma yaro sai ya faɗo, babu makawa. Abin tambaya shi ne a kan me zai sauka. Siminti da kwalta da interlok a ƙarƙashin lilo ko abin hawa sun isa ki soke wurin daga lissafi. In roba ce, ki taka ki ji ko tana lotsawa, ki duba ko ta ɓare ta bar siminti a fili, musamman daidai inda ake sauka daga sulu. In yashi ne, ki tona da dunduniyar takalminki. Ana so ya kai zurfin santimita 30, amma a ƙarƙashin lilo ƙafafun yara sukan share shi har a kai ga ƙasa mai tauri, ya zama rami. Yayin da kike tonon ki lura da fasassun kwalabe da guntun sigari da kashin maguna, don magunan unguwa sun ɗauki yashin nan banɗakinsu ne. Ya kamata shimfiɗar mai laushi ta zagaye kowane abin hawa da kusan mita biyu, gaba da bayan lilo kuma fiye da haka.

Akwai wani haɗari da iyaye ba su cika sani ba, shi ne tazarar da ke tsakanin ƙarafan matakala ko na shingen sama. Jikin ƙaramin yaro ya fi kansa sirantaka, sai ya zura ƙafafu da ciki su wuce, kai ya maƙale, ya rataye. Tazarar da ta wuce santimita 9 amma ba ta kai 23 ba ita ce tarkon. Ba sai kin zo da abin awo ba: in tafin hannunki ya shige a faɗinsa, amma wurin bai wuce taƙi ɗaya ba, to ki hana auta hawa nan. Ki girgiza sandunan ki ji ko suna rawa, ki shafa ki ji ko akwai kan ƙusa ko noti da ya fito, ki kalli ƙugiyar da ta riƙe sarƙar lilo a sama ko bakinta a rufe yake. Abin da ya fito ko ya buɗe baki shi yake kama tufafi. A nan sai in ja kunnenki kan 'yan matan naki. Dogon himar mai jan ƙasa da gyale mai lilo a baya da gorar ruwa mai igiya a wuya, duk suna iya sarƙewa a saman sulu yarinya tana gangarowa. Ki sa musu ƙaramin hijabi mai shiga ta kai da wando a ƙarƙashin riga, suturarsu ta cika, wuyansu kuma ya tsira. Sannan kada ke ko yayansu ku ɗora auta a cinya ku gangara tare. Takalminsa na iya cijewa a gefe, nauyin babba ya tura daga baya, ƙashin ƙauri ya karye. Likitocin ƙashi sun san wannan karaya sarai.

Shinge da ƙofa kuma, ke da kike da ɗan shekara 2 da titin manyan motoci, ba abin sassauci ba ne. Ki tsaya a inda za ki riƙa zama, ki ga ko idonki yana kaiwa ga lilo da sulu da ƙofar fita a lokaci guda. In ƙofa ɗaya ce, kusa da ita za ki shimfiɗa tabarmarki. Ki duba fitilu ko suna kamawa, don rabin shekara da dare za ku riƙa zuwa, ki duba gindin sandunan fitilar ko an bar akwatin waya a buɗe. Banɗaki in akwai, ki shiga da kanki. In babu, wurin bai ɓaci ba muddin gida na kusa.

Abu na ƙarshe da za ku duba shi ne mutanen wurin, kuma wannan aikin maigidanki ne fiye da ke. In iyalai ne a zaune da fulas ɗin shayi da tabarmi, alhamdu lillahi. In samari ne suka mamaye kayan wasan suna busa hayaƙi, ko masu babura suna zagaye a kan hanyar ƙafa, ku wuce. Lambu ɗaya yakan canza fuska daga awa zuwa awa, don haka wanda ya fi burge ku ku sake leƙa shi bayan Isha'i kafin ku yanke.

Lokacin fita yana bin yanayi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu bayan La'asar ya yi, har zuwa Magariba. Da zafi ya kankama kuwa sai bayan Isha'i, ko da sassafe ranar Asabar kafin rana ta ɗaga, lokacin da ƙarfen ya kwana ya huce kuma ba kowa. Ki tuna gwamnati da kanta tana hana ƙarti majiya ƙarfi aiki a rana daga 12 zuwa 3 na yamma, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. Al'adar garin nan ta kai yara wasa har ƙarfe ɗayan dare kuwa ban goyi bayanta ba a ranakun makaranta. Awa ɗaya ta isa, a dawo a yi wanka a kwanta. Ruwa ki ɗauka fiye da yadda kike zato, ki riƙa kiransu su sha, don yaro mai wasa ba ya tuna ƙishi. Ki kuma sa musu maganin sauro na shafawa. Zazzaɓin dengi ya zauna a Jidda da Makka tun da aka fara ganinsa a Jidda a 1994, sauronsa mai zanen fari a ƙafa da safe da kuma gab da faɗuwar rana ya fi cizo, a ruwa mai tsabta da ya kwanta yake ƙyanƙyasa, irin na bututun ban-ruwan lambu da ya fashe. In yaro ya tashi da zazzaɓi mai zafi da ciwon jiki bayan haka, farasitamol kaɗai za ki ba shi, ban da asfirin da ibuprofen, ki kai shi asibiti.

Yanzu maganar maigidanki. Kada ki ɗauki tsoronsa wasa, kuma kada ki nuna masa kin ɗauke shi rowa ko kulle. Mutumin da yake kan titi kullum, wanda zamansa da abincin iyalinsa suke rataye da iƙama, takardar izinin zama, ya ga abin da ke ba ki gani ba. Ya san yadda faɗan yara kan lilo yake komawa faɗan manya, ya kuma san in aka kai ga hukuma baƙo ne yake fara jin jiki ko da shi ke da gaskiya. Amsar wannan tsoro tsari ne da zai gani da idonsa. Ki ce masa ba ke kaɗai za ki riƙa zuwa ba. Ki nemi mata biyu ko uku masu yara sa'annin naku, ko 'yan uwanmu Hausawa ko maƙwabta 'yan Sudan ko Yaman ko 'yan ƙasa, ku sa rana da lokaci. Hakan yana maido muku da tsohuwar bakin ƙofar nan: in ɗaya ta kai yaro banɗaki, akwai mai kallon saura. In wurin ya fi ƙarfin ƙafa, ku haɗa kuɗin Careem ko Uber, ko ku yi yarjejeniya da direban makarantar da shi maigidan ya sani. Ki yi masa alƙawarin lokacin dawowa ki kuma cika, ki tura masa inda kuke ta WhatsApp, iƙamar kowa tana jaka. In kuwa akwai matsalar takardu da ba ki ambata ba, to tsoronsa ya ƙara nauyi, sai ki fi karkata ga abin da zan faɗa a ƙasa game da istiraha, gidan hutun da ake kamawa haya na wuni, da saman bene.

Yaran ma a zaunar da su, shi da kansa ya yi musu magana. Ba a taɓa kayan wani, ba a ture kowa daga layi, in an mare ka ka zo ka faɗa wa Mama. Babban ɗanki ya kai shekarun da wata rana wani yaro zai jefe shi da kalmar takaruni, wadda ake kiran 'yan asalin Afirka ta Yamma da ita don raini, ko wadda ta fi ta muni don launin fatarsa. Gara ya ji daga bakin ubansa tun a gida cewa hakan na iya faruwa, cewa ba abin kunya ba ne a kansa, kakanninsa da ƙafa suka ratso Chadi da Sudan don su ga Ɗakin Allah, kuma ramuwa da hannu ita ce abin da mai zagin yake nema. Ke kuma in abu ya faru, uwar yaron za ki nufa da sallama da murya ƙasa-ƙasa, kada ki tsawatar wa ɗanta da kanki. Sau da yawa za ki tarar ta fi ki jin kunya. In kika ga ba mai jin magana ba ce, ki naɗe tabarmarki, gobe ma rana ce. Amma kada zagin yaro ɗaya ya sa ku daina zuwa. Lambun baladiyya na duk mazauna gari ne, ba a tambayar fasfo a ƙofa, kuma yaran da ake ɓoyewa a ɗaki don tsoron magana su ne suke tashi suna jin kamar ba su da haƙƙin taka ƙasar da aka haife su.

In kun samu wuri mai kyau amma lilo ya tsinke ko fitila ta mutu, ki kira 940, lambar ƙorafi ta baladiyya, ko ki tura hoto ta manhajar Balady. Mazauni ma yana da damar yi. In ku huɗu kuka kai ƙorafi kan abu ɗaya ya fi saurin motsa su. Sai dai ki ɗauki hoton ƙarfen kawai, kada matar wani ko 'yar wani ta fito a hoton, domin dokar ɗa'ar jama'a ta 2019 ta sa tarar riyal 1,000 kan ɗaukar hoton mutum ba da izininsa ba. Lambar gaggawa kuma a yankin Makka 911 ce, ki koya wa manyan biyu.

Ranar Juma'ar da baban yara ya samu sarari, Bahra ta yi muku gata, tunda tana tsakanin Jidda da Makka. Sabuwar Kurnish ta Jidda da aka buɗe a ƙarshen 2017 ta fi kilomita huɗu, shiga kyauta ne, akwai wuraren wasa da aka raba wa ƙanana da manya, ga iskar teku. Ku tafi da wuri don wurin ajiye mota, ku tafi da abincinku, don abin da ke cinye kuɗi a can shi ne ciye-ciye. Lambun Amir Majid ma babba ne, ya isa yaro ya yi gudu har ya gaji. Da bazara in aljihu ya yarda, Ɗa'if tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,800, yammacinta da sanyi lokacin da Bahra take tafasa, lambun Rudaf kuma yana da fili da duwatsun da yara ke son hawa. A hanyar Hada mai hawa dutse zuwa Ɗa'if ku rufe gilashi, birran nan suna fizge abinci daga hannun yaro. Ku kuma tuna in aikin hajji ya ƙarato ana tsayar da wanda ba shi da izinin shiga Makka a shingen bincike na Shumaisi, don haka a wannan lokacin ku fuskanci Jidda. Injinan da ke juya mutane a sama kuwa ni ba na son su ga yara ƙanana. A ƙarshen Yulin 2025 wani ya karye da mutane a wani wurin shaƙatawa a Hada, fiye da 20 suka ji rauni. Haka gidan iskar nan da ake hura wa yara su yi tsalle: in ana iska, ko an cusa manya da ƙanana tare, ki riƙe naki.

Abu biyu nake so ki ce a'a ko da kowa ya ce e. Na farko dabbab, babur ɗin nan mai ƙafa huɗu da ake ba da haya a bakin sahara. Ɗanki zai yi ta naci, abokansa duk sun hau. Abin ya fi shi nauyi, yana kifewa cikin sauƙi, kuma a kan mahayin yake faɗawa. Na biyu zama a cikin kwari. Wadi Fatima ta gefenku take wucewa, da sanyi kuma za ki ga iyalai sun baje a kan yashinta mai laushi. Ruwan da zai cika ta ba lallai a kanku ya sauka ba. Yana iya zuba a duwatsu can nesa, ku kuna ganin sama garau, ambaliya ta iso ba sallama. Wanda ya ga 25 ga Nuwamban 2009 a Jidda, ranar da mutum fiye da 120 suka rasu, ba ya buƙatar a yi masa bayani. In saƙon gargaɗin ruwa ya shigo wayarki, ranar ba fita, ko lambun unguwa ne.

Istiraha kuwa hanya ce mai kyau ga irin maigidanki, kuma gefen Bahra ba a rasa su. Gida huɗu ko biyar ku yi karo-karo ku kama ta wuni guda, katanga ta kewaye ku, yara su yi ta gudu ba mai cewa kanzil, maza na gefensu suna gashi. Haɗarinta ɗaya ne, kuma babba: wurin ninƙaya. Yaro ba ya ihu in yana nutsewa, shiru yake tafiya, sau da yawa manya suna zaune kusa suna hira kowa na zaton wani ne ke kallo. Ku ɗora wa mace ɗaya tsaron ruwan, ba waya a hannunta, bayan ɗan lokaci wata ta karɓe ta. In an gama wanka a kulle ƙofar wurin. Da kun shiga kuma ki nemi murfin tankin ruwa na ƙasa ki tabbatar a rufe yake ruf.

Sauran ranakun da ba fita, ki tambayi haris ko mai gidan zai bar ku ku hau saman bene bayan Magariba. In katangarsa ta wuce ƙirjinki, babu abin takawa a jikinta, tankin ruwa a rufe, to kin samu fili. Alli ɗaya ya isa a zana 'yar gala-gala, igiya ɗaya ta isa 'yan mata uku, langa ba ta buƙatar komai sai ƙafa. Na lura yaranmu da aka haifa a nan da yawa ba su san waɗannan ba, ba don sun ƙi ba, don ba wanda ya tsuguna ya nuna musu. Carafke da dara kuma a cikin ɗaki ma ana yi ba tare da an dami kowa ba. Wayar kada ki fara da ƙwace ta, rigima kawai za ki saya. Ki fara da fitar, yaron da ya yi awa guda yana gudu da kansa yake neman katifa, daga nan sai ki sa dokar cewa ba waya sai an dawo.

Maƙwabcinku na ƙasa kuma kada a bar shi da ƙorafinsa. Ki shimfiɗa tabarmar soso mai kauri a ɗakin da suka fi tsalle, ki aika masa da kwanon waina ko dambu ranar Juma'a, maigidanki ya tambaye shi lokacin da yake barci, a hana guje-guje a wannan lokacin. In yana da yara, ki gayyaci matarsa cikin ayarin lambun. Allah Ya ba da sa'a, ki gaida baban yara.